Hasumiyar da Kawu Bai Tura Ba

Babana yana da labari guda ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a falonmu ya wuce minti goma ya ji shi. Mai gyaran famfo ya ji. Likitan da ya zo duba ƙafar Mama ya ji. Mijina ma, ranar da ya fara zuwa gaisuwa, sai da ya sha shi daga farko har ƙarshe yana ta gyaɗa kai, alhali ko sunan 'ya'yan wasan bai sani ba. Labarin shi ne na ranar da Baba ya ba da sarauniyarsa kyauta a wasan ƙarshe na gasar ces ta ƙungiyar ma'aikata, kuma ya ci kofi. Ces ita ce darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, wadda ake yi a kan allo mai gida sittin da huɗu. Shekara talatin da ɗaya ke nan da yin wasan, lokacin ina goye a bayan Mama.

Baba ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da biyar ya yi a tsaye yana ware wasiƙu cikin 'yan ramuka har ya yi ritaya, kuma ba wanda ya taɓa tafa masa a kan wannan aiki. Amma ranar wasan nan mutum arba'in ne suka kewaye teburinsa. Ya ɗauki sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi a allon, ya dire ta gaban sarkin abokin karawarsa inda za a cinye ta a ɓagas. Aka cinye ta. Ya ƙara taku biyu, abokin karawar ya yi minti ashirin yana kallon allo, sannan ya kwantar da sarkinsa, wato ya sallama. Idan Baba ya kawo nan a labarin, muryarsa sauka take yi, sai ka ga idonsa ya ciko.

Abokin karawar nan ba baƙo ba ne. Kawu ne, yayan Mama, mai gyaran agogo. Tun daga ranar bai sake taɓa ɗan dara ba. Ba su yi faɗa ba, suna gaisawa, suna shan shayi tare, amma da Baba ya gyara murya zai fara labarin sai Kawu ya miƙe ya ce bari ya duba ko ya kulle babur ɗinsa. Babur ɗin nan ya sha kulli fiye da kowane babur a duniya.

Bara idon Baba ya fara yin hazo, sai 'yan ƙungiyarsu suka ce a tattara wasanninsa arba'in a buga ɗan littafi tun yana iya duba shi da kansa. Aikin ya faɗo kaina, tunda ni ce mai tsara shafuka a wani ƙaramin gidan buga takardu. Wasan sarauniya shi ne na farko, shi ne a bango, kuma sunan littafin ma daga gare shi aka ɗauko. Baba ya riƙa kirana sau biyu a rana yana tambaya ko na kai shafi na nawa. Ban taɓa ganin yana ɗokin wani abu haka ba.

Matsalar ita ce rubutunsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta mummunan rubutun jama'a a bayan ambulan, nasa ya fi na kowa muni. Ba ka bambance ukunsa da takwas ɗinsa. Sai na samo dabara: na sa manhajar ces a tsohuwar kwamfutar shagonmu, ina shigar da kowane taku kamar yadda na karanta shi. Idan na karanta ba daidai ba, manhajar sai ta ƙi karɓa, domin doki ba ya zuwa inda doki ba ya zuwa. Ni dai mai duba kuskure na ɗauke ta, ban nemi ra'ayinta ba. Amma tana da wata lamba a gefe da take nunawa ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Sifili na nufin ana kunnen doki. In lambar ta yi sama, farare ne a gaba, in ta yi ƙasa da sifili, baƙaƙe ne. A wasan nan Baba ne da farare.

'Yan ƙungiyar sun sha sa wannan wasa a wayoyinsu, kuma sun san abin da lambar take yi. Da an ba da sarauniya sai ta rikito ƙasa, kamar manhajar ta ce wannan mutum ya zare. Bayan 'yan daƙiƙu sai ta yi tsalle ta haye shida. Nan suke yin shewa, su mayar da waya aljihu, Baba ya ce, “Kun gani ko? Har na'ura ta sara mini.” Ni ma haka na gani duk lokacin da na bi ta kan wasan, domin ban taɓa tsayawa a kan taku ɗaya fiye da daƙiƙa goma ba.

Ran wata Talata da hantsi na kawo daidai inda Kawu ya kwantar da sarki, sai babban injinmu ya tauna takarda. Takardun jarrabawar wata makaranta ne, ana jiransu da yamma. Mai shagon ya ƙwala mini kira, na tashi ban rufe komai ba. Muka wuni muna zaro yagaggun takardu daga cikin injin, muna sake bugawa, muna yanka, muna ɗaurewa. Ban koma kujerata ba sai bayan la'asar, hannuwana baƙi ƙirin da tawada. Fankar kwamfutar tana ta gurnani, ta yi zafi kamar dutsen guga. Na miƙa hannu zan rufe wasan, sai idona ya faɗa kan lambar. Tana ƙasa da sifili da huɗu.

Na ce lallai wani ya taɓa mini abu. Na sake shigar da wasan daga farko, ina bin takardar Baba da yatsa, sau biyu. Ba kuskure. Washegari na zo da wuri, na kai wasan wurin, na naɗe hannu na zauna ina kallo. Lambar ta haye shida kamar kullum. Bayan kwatan awa ta sauko biyar. Ta daɗe a nan har na fara samun natsuwa, sai ta zame zuwa uku. Mai shagon ya leƙo ya ce, “Ke fim kike kallo ne?” Ban ko juya ba. Wajen azahar ta taɓa sifili, ta ɗan tsaya a kai, sannan ta wuce ƙasa ba ta sake waiwayowa ba.

A ƙarƙashin lambar akwai jerin takun da manhajar take ganin sun fi. Na danna na farko. Hasumiyar Kawu, wadda ke can kusurwa ba ta yi aikin komai ba tun farkon wasan, ta taso ta zauna a tsakiyar allo, a gidan da babu mai kare ta. Na ce wannan ai hauka ne, an ba ka sarauniya, sarkinka yana bakin mutuwa, kai kuma ka ƙara miƙa hasumiya? Sai na dubi gidan da kyau. Baba yana buƙatar abu biyu kafin ya kulle sarkin Kawu: hasumiyarsa mai tafiya miƙe, da giwarsa mai tafiya a karkace. Hanyoyinsu a wannan gida ɗaya suka gitta juna. In ya ci da hasumiya, ya tare wa giwarsa hanya. In ya ci da giwa, ya tare wa hasumiyarsa. Ko ta ina ya ci, Kawu ya sami numfashi ɗaya, kuma numfashi ɗayan yake nema.

Na ci gaba da dannawa. Aka yi ta cin juna har allo ya zama fili, Kawu ya mayar da sarauniyar da aka ba shi, komai ya ƙare sai sarakuna da 'yan sojoji. A nan wani ƙaramin soja baƙi, can bakin allo, ya kama hanya shi kaɗai. Sarkin Baba ya bi shi da gudu, ya rasa shi da gida ɗaya tak. Taku goma sha tara ne daga hasumiyar zuwa nan.

Tsigar jikina ta tashi. Na girma a kan wannan wasa, na san shi kamar yadda na san tsakar gidanmu, ashe duk shekarun nan akwai wani ɗaki a cikinsa da ba wanda ya taɓa buɗewa. Ba manhajar ce ta ƙirƙiro shi ba. Yana nan tun ranar, gaban mutum arba'in, gaban Kawu da ya yi minti ashirin yana kallonsa. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ban taɓa jin haushin abu mai kyau irin wannan ba. Na ji kamar in zare wayar wutar in ce ban gani ba.

Da yamma na biya ta gida, na tarar da Mama a kicin tana yanka albasa. Na rufe ƙofa na gaya mata a taƙaice: Kawu ne ke da nasara a hannu ranar da ya sallama.

Ta ajiye wuƙa. “Wa ya sani bayan ke?”

“Ba kowa.”

“To ki bar shi haka. Ki buga masa littafinsa.”

“Mama, wata rana wani zai manta wayarsa a kunne kamar yadda na manta. Littafi kuma ba ya gogewa.”

“Wata ranar ba mu nan.” Ta share ido da bayan hannu, ban sani ba ko albasa ce. “Abu ɗaya gare shi, ke ma kin sani. Ni na zauna da mutumin nan. In kika karɓe wannan, me za ki ba shi?”

“Kawu fa?”

Ta ɗauki wuƙarta. Can ta ce, “Yaya ya saba.”

Kwana huɗu ina yawo da maganar a ciki. Baba ya kira na ce injin ne ya lalace. Ya sake kira na ce ana jiran takarda. Ni ba gwanar ƙarya ba ce, kuma shi mutum ne da ya yi shekaru yana gane wasiƙar da aka buɗe aka sake liƙewa. Ran Litinin da safe sai ga shi a ƙofar shago, da sandarsa da tabaraunsa mai kauri, ya sha doguwar rigarsa ta fita.

“Uwata,” ya ce, haka yake kirana, “injin da ya lalace ne nake jin ƙararsa tun daga bakin titi?”

Na jawo masa kujera. Na yi niyyar in yi kwana-kwana, amma da ya zauna ya kafe ni da idanun nan nasa masu hazo, sai na ji ba zan iya ba. Na juyo masa da fuskar kwamfutar, na ƙara girman allon yadda zai gani. Tun ranar Laraba ban rufe wasan ba.

“Baba, ka ga lambar nan?”

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. “Wannan ƙaramin layin na gabanta fa?”

“Ƙasa da sifili ke nan. Cewa take baƙaƙe ne da nasara.”

Ya yi 'yar dariya. “Haka take yi da farko. Ba ta daƙiƙa biyar za ki ga.”

“Kwana biyar na ba ta.”

Dariyar ta tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. “Nuna mini.”

Na danna taku ɗaya. Hasumiyar Kawu ta taso ta zauna a tsakiya. Baba ya buɗe baki zai yi magana, na san cewa zai yi shirme ne, sai bakin ya tsaya a buɗe. Na ga yatsansa ya tashi yana bin hanyar hasumiyarsa a iska, ya tsaya. Ya koma ya bi ta giwa, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake bi. Injin yana ta ƙara a bayanmu, mai shagon yana faɗa da wani a waya, shi kuwa Baba ko numfashinsa ba na ji. Na fara tunanin inda na ajiye lambar likitansa.

“Allahu akbar,” ya ce a hankali. Ya sake cewa, “Allahu akbar. Kai! Dubi inda ta zauna.”

Na kai hannu zan danna taku na gaba, ya riƙe mini wuyan hannu. “A'a. Kada ki nuna mini sauran.”

Ya jingina da kujera. Fuskarsa ta yi wani iri, rabi kamar wanda aka yi wa rasuwa, rabi kamar wanda aka yi wa haihuwa. “To gaya mini. Me ya sa ta daɗe tana ce mini na yi daidai?”

Wata uku ina zaune da manhajar nan, na san halinta kamar na maƙwabciya. Na ce, “Lissafi take yi, Baba. Soja ɗaya, doki uku, giwa uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. Da ka ba da sarauniya sai ta ga tara ta tafi, shi ya sa lambar ke faɗuwa. Sai ta leƙa gaba, in ya yi kaza a yi kaza, ta ga sarkin Kawu ba shi da wurin ɓuya, ta ga wannan ya fi tara nauyi. Shi ne take tashi. A nan mutanenka suke mayar da waya aljihu.”

“Daga nan fa?”

“Hanyoyin sun yi mata yawa, ba za ta iya bin kowacce har ƙarshe ba. Wadda ta ga alamar shirme ce sai ta leƙa ta sama-sama ta wuce. Ta ga hasumiyar nan tun farko, ta ga tana jinkirta mutuwa, amma ta ɗauka jinkiri ne kawai, tunda an ƙara zubar da biyar. Sai dai duk lokacin da ta ƙara zurfi da taku ɗaya, sai ta dawo ta sake leƙa ta. Haka ta yi ta dawowa har ta hango ƙarshen.”

“Wato ita ma ta raina takun.”

“Ta raina shi. Ita dai ba ta jin nauyin komawa ta duba abin da ta raina.”

Na ce, “Baba, in ka ce a buga yadda yake, zan buga. Kofin naka ne, shi ya sallama, ba wanda ya tilasta shi.”

“Shekara talatin da ɗaya ina ba mutane rabin labari,” ya ce, kamar ba da ni yake ba. Ya dafa sanda ya miƙe. “Nemi izini wurin mai shagonku. Mu biya gida in ɗauki allo.”

Shagon Kawu wani ɗan siririn ɗaki ne tsakanin mai sayar da taya da mai ɗinkin labule. Mutum biyu ba sa gittawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Akwai kanta mai gilashi cike da agogunan da masu su ba su dawo ba, bango kuma duk agogo ne, kowanne da lokacin da ya ga dama. Mun same shi sunkuye da ƙaramin madubinsa a ido ɗaya, yana cusa wani abu da ban iya gani da ɗan hantsaki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ɗago, ya ga abin da ke hammatar Baba, sai fara'arsa ta ɗauke.

“Mai Wasiƙa, lafiya?”

“Lafiya lau, Yaya. Ɗan matsar mini da kayan nan.”

Baba bai jira ba. Ya shimfiɗa allon a kan gilashin, ya zazzage 'ya'yan, ya fara jera su da ka yadda suke a ranar. Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi ƙofa, amma Baba ya tsaya a hanyar, kuma babur ɗin yana nan a gabanmu da ƙaton kwaɗonsa.

Da Baba ya gama, Kawu ya yi magana ba tare da ya taɓa komai ba. “Sojan can na bakin allo ba nan yake ba. Gida ɗaya baya.”

Baba ya dube shi, ya gyara sojan. “Ashe kana tune.”

“Me ka zo yi?”

“Wasanka ne, Yaya. Kai ne da taku.”

“Na sallama tun kafin yarinyar nan ta yi haƙori.”

“Ka sallama, amma ba a cinye ka ba. Na'urar shagonsu ta kwana biyar a kansa. Ta ce akwai taku. Na ga na farkon, ban yarda na ga sauran ba.”

Kawu ya cire madubin daga idonsa ya ajiye a hankali. Wani mutum ya leƙo da agogo a hannu, Kawu ya ce masa ya dawo gobe, ko kallonsa bai yi ba. Ya zuba wa allon ido. Na zaci zai daɗe, na fara neman wurin zama, amma ko minti ɗaya bai cika ba ya ce, “Hasumiya ce.”

Ni na ce, “Kawu, ka sani?”

“Ban sani ba. Na dai gan ta.” Ya yi gyaran murya. “A mintin farko na gan ta. Na ga tana toshe su biyun. Na bi ta taku shida, bakwai, sai komai ya yi mini duhu, ban ga ƙarshen ba. Ga mutane a kaina, har sun fara raɗa, wani yana taɓa kafaɗar mijin ƙanwata. Na ce in na miƙa hasumiya yanzu kuma aka cinye ni, za a ce Mai Agogo ya ruɗe, ya ɓata wa mutum kyakkyawan wasa da taurin kai. Minti goma sha tara ɗin da suka rage ba lissafi nake yi ba. Kunya nake ji.”

“To da ka koma gida,” Baba ya ce, “me ya hana ka jera ka duba?”

“Tsoro.” Ya faɗe shi kai tsaye. “In na duba na ga shirme ne, shi ke nan. In na ga daidai ne fa? Sai na ga gara in bar allon gaba ɗaya.”

Na ji hawaye ya zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Kawu ya goge tafinsa a jikin wandonsa, ya miƙa hannu. Ya ɗauki hasumiyar ya ajiye ta a tsakiyar allo.

Baba ya ja dogon numfashi, ya ci da giwa.

Suka yi kusan awa biyu. Ni kaɗai na san hanyar, na cusa hannuwana a hammata na danne bakina. Kawu yana tafiya a hankali kamar mai taka tsani a duhu. Sau biyu hannunsa ya nufi inda ba daidai ba, sai ya janye ya sake tunani. Da ya zo inda zai mayar da sarauniya, ya ɗago ya dubi Baba ya ce, “Ga kayanka,” ya tura ta. Baba ya yi dariya har da buga kanta, agogunan ciki suka yi tsalle. Mai ɗinkin labule ya shigo kallo, mai taya ma ya leƙo, ba wanda ya san me ake yi, amma ba wanda ya tafi.

Allo ya zama fili. Kawu ya kai yatsa kan ƙaramin sojan nan na bakin allo ya tura shi gida ɗaya. Baba ya sunkuya sosai. Ya ƙirga gidajen da ke gaban sojan da yatsa, ya ƙirga na gaban sarkinsa. Ya sake ƙirgawa, leɓensa yana motsi.

“Gida ɗaya,” ya ce. Ya dube ni, ya dubi Kawu, idonsa ya cika taf. “Wannan ɗan mitsitsin. Tun ranar yana nan zaune yana jira, ni ko kallonsa ban taɓa yi ba. Uwata, ki cire sunan da ke bangon littafin. Ki sa wannan duka, har ƙarshe.”

Ya ɗora yatsa a kan sarkinsa ya fara karkata shi zai kwantar. Kawu ya yi wuf ya tare sarkin da tafinsa, ya tsayar da shi a gidansa.

“A'a, Mai Wasiƙa,” ya ce. “Ba a shagona ba. Na san abin da kwantarwa take yi wa mutum. Tura sarkinka, mu kai shi ƙarshe.”